Shaidar da Surukin Kawu Ya Riƙe

Da sunan Allah mai rayawa mai kashewa, wanda mantuwa ba ta riskarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula a Najeriya, mu muna Guangzhou muna jin labarin ta waya, a cikin daminar shekarar ne Allah ya karɓi ran Kawuna, wan mahaifiyata. A ɗakinmu na haya a Sanyuanli ya cika, bayan sallar asuba, yana jingine da bango, shayinsa bai ko huce ba.

Hausawa ba mu da yawa a garin a lokacin, saboda haka kowa ya zo. Gawa tana asibiti ana jiran takardu, ni kuma ina bakin ƙofa ina karɓar gaisuwa. Ɗakin ya cika da warin jiƙaƙƙun takalma da gumi.

Wani ɗan Kano mai sarin jakunkuna a Shiling ya shigo yana karkaɗe lema. Ya ce, "Allah ya jiƙan Kawu." Kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka kusa sa'arsa. "Mutumin kirki. Ba ya faɗa, kwalinka ba ya ɓata a hannunsa. Sai dai fa..." Ya ɗora yatsu biyu a kan tumbinsa yana kaɗawa, ya maƙale murya yana kwaikwayon Kawu. "Wannan yatsana ne!"

Aka yi dariya. Ba ƙasa-ƙasa ba, dariya sosai, har wani ya ƙware da ruwa.

Wani ya ce, "Allah ya yafe masa wannan. Kowa da tasa jarrabawar. Shi tasa ƙarya ce."

"Ƙaryar ma marar riba. Da ma a ciniki yake yinta."

A kan kujera ɗaya tilo da ke ɗakin, surukin Kawu yana zaune, mijin ƙanwarsa, wato mijin Innata, ƙanwar mahaifiyata. Shi ne babban ɗan kasuwarmu, shi ya kawo mu ni da Kawu garin, shi yake jan mu salla, shi ya sa ake ce masa Liman. Carbi yana tafiya a hannunsa. Bai yi dariya ba, bai kuma hana ba. Na dube shi, ya dubi ruwan da ke zuba a taga.

Na sha ganin abin ƙyama a duniya, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa abin da jama'a suka shaidi mamaci da shi ba ƙaramin abu ba ne. Ga Kawu ana shirin kai shi kabari da shaidar maƙaryaci, ga kuma mutum ɗaya da ya ga gaskiyar da idonsa yana jan carbi. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Gidan kakannina na wajen uwa gidan kalangu ne, a Fagge. Su ke yi wa mahauta kiɗa. Mahaifiyata malami ta aura, ni a gaban allo na tashi, amma Kawu da kalangu a hammata ya tashi. Yana saurayi ya bi motar shanu zuwa Legas, a can ya ga babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu da ake ce wa bes, wadda sautinta ba a kunne yake sauka ba, a ƙirji yake sauka. Ya ce ranar da ya fara taɓa ta ji ya yi kamar an ba shi kalangu mai dogon wuya.

Lokacin kiɗan baƙaƙen Amurka ne ya cika Legas, wanda suke kira sol da fank, kowane yaro yana son ya yi irinsa. Kawu bai shiga ƙungiyar kowa ba. Aikinsa na ɗakin ɗaukar waƙa ne. Mawaƙi zai zo da waƙarsa ba shi da makaɗa, kamfanin faifai ya aika a kira su Kawu. A yi waƙa, a sallame su da la'asar, gobe wani mawaƙin ne. In faifai ya fito, hoton mawaƙi ne a bangonsa, da sunansa, da sunan kamfani, wani lokaci har da sunan wanda ya ɗauki hoton. Na makaɗa babu.

Ni ba zan yanke hukunci a kan kiɗa ba. Malamai sun yi magana, sun kuma saɓa, ban kai in shiga tsakaninsu ba. Abin da na sani shi ne Allah ya ba bawan nan wani abu a hannunsa, kuma ya yi mini bayaninsa har na gane.

Kalangu in ka matse shi sautinsa ya hau, in ka sake shi ya sauka, shi ya sa yake magana. Kawu ya ɗauko wannan ya ɗora wa tsirkiya. Sai ya doke ta da yatsan dama, ya tura ta da na hagu, har ta yi kamar za ta furta kalma. Abu na biyu kuma shiru ne. Wurin da kowane mai bes yake bugawa, tare da dukan ganga na farko, shi sai ya bar shi fayau, ya shigo a bayansa kaɗan. Ya ce a wurin mahauta ya koya, domin su da wuƙa a hannu suke rawa, dole makaɗi ya bar musu inda za su ajiye ƙafa.

"In ka cika ko'ina da kiɗa," in ji shi, "mai rawa a ina zai taka?"

Wannan ɗan gurbin da yake bari shi ne yake fizgar ƙugun mutum ba da saninsa ba. Ba a daɗe ba masu kamfanin suka riƙa ce wa sauran masu bes, "Ku yi irin na Malam." A Legas kowane Bahaushe Malam ne, don haka ko a bakinsu ba shi da suna. Ɗalibai suka tafi da faya-fayan Landan. Da aka yi babban bikin al'adun baƙar fata a Legas, makaɗan Amurka suka zo, suka koma da su cikin akwatuna. Bayan 'yan shekaru Kawu ya fara jin tafiyarsa a cikin waƙoƙin da ake kawowa daga can, waɗanda yaran Legas suke kwaikwayo. Ya ce har wani mai kamfani ya taɓa kunna masa faifan Amurka ya ce, "Malam, ka iya irin wannan?"

Na ce, "Me ka ce masa, Kawu?"

"Na ce zan gwada."

Da kasuwar faifai ta mutu ya sayar da jitar ya dawo Fagge ya kama fawa. A nan wuƙa ta tsinke masa jijiya a hannun hagu, yatsu biyu suka ƙage. Bai ajiye faifai ko ɗaya ba, bai ajiye hoto ba. Abin da ya rage masa kunnensa ne, da kanta a kan yatsun dama biyu, wadda har ya mutu ba ta baje ba.

A Guangzhou sito yake tsaro wa surukinsa. Mutum ne mai jinkiri a komai. In yana ɗaure kwali za ka ji yatsunsa suna tafiya a kansa, tif, shiru, tif-tif, bai ma san yana yi ba. Ba ya son fanka mai ƙara, ya ce ba ta da tsari. Kalmomin Sinanci uku ya riƙe, da su ya yi zamansa: nihaw in zai gaisa, lawban in zai kira mai kanti, meyo in abu babu. In an tambaye shi lafiya ya ce, "Meyo matsala." Yana yawan cewa, "Mu masu bes ba a jin mu sai mun tsaya." A da ina ɗauka maganar kiɗa kawai yake yi.

Ranar da abin ya fara, tasi muka ɗauka zuwa Shiling duba kaya. Liman a gaba, ni da Kawu da mai jakunkuna a baya. Direban ya tura kaset, irin waƙar samarin Amurkan nan masu zuba surutu a kan kiɗa. Na ji jikin Kawu ya sandare a gefena.

Ya ce, "Lawban, ƙara." Ya nuna masa da hannu. Direban ya ƙara.

"Wannan yatsana ne."

Mai jakunkuna ya ce, "Yatsanka a ina, Kawu?"

"Ba kwaikwayo ba ne wannan, ni ne. Yanka suka yi daga faifan suka ɗora. Ku saurara, yanzu za ku ji kamar rago ya yi tari." Muka yi shiru, sai ga shi kuwa, wani ɗan gurnani a ƙarshen zagayen. Kawu ya buga cinyarsa. "Ka ji! Tsirkiyar ce ta gaji. Ba mu da sabuwa, sai na dafa ta a tukunya ta ɗan farfaɗo, ranar ta zame mini. Na ce a sake, Baturen da yake ɗaukar waƙar ya ce a bar shi. Yaran nan har kuskurena suka kwasa!"

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Kamar wanda ya ga ɗansa da ya ɓata tun yana goye, ya gan shi da gemu.

Mai jakunkuna ya ce, "Kawu, ai zagayen maimaituwa yake yi. Ka ji tarin tun farko, shi ne za ka yi mana duba da shi? To ni ma ƙaran taya ɗin nan ƙafata ce." Ya kama hannun Kawu na hagu ya ɗaga. "Da wannan ka kaɗa wa Amurka? Lawban, tsaya a kantin jita, yau za mu sha kallo!"

Na ce Kawu ya yi kiɗa a Legas, duk danginmu sun sani. Ya ce, "Malam, kai ɗan 'yar'uwarsa ne, kuma kana Kano kana wanke allo lokacin. Wa ya ce bai yi kiɗa a otal ba? Amma daga otal zuwa Amurka akwai ruwa a tsakani."

Sai Kawu ya dafa kujerar gaba. A hankali ya yi maganar. "Alhaji, kai ma ka zauna a Legas. Ƙarya nake yi?"

Liman bai juyo ba. Ya ce, "Ni kasuwa ta kai ni Legas. Ban san wannan shirmen ba, Allah ya tsare ni. A kashe mana wannan abin."

Kafin sati ya zagayo duk Bahaushen da ke Sanyuanli da Xiaobei ya iya cewa "yatsana ne". In an ji ƙarar injin gini, yatsan Kawu ne. In cikin wani ya yi kuka, yatsan Kawu ne. Manyan mutane, masu 'ya'ya, masu naɗa rawani ranar Juma'a. Shi kuwa bai sake faɗa ba ko sau ɗaya. Su ne suka riƙa faɗa a madadinsa, suna kuma ƙirga masa a matsayin sabuwar ƙarya.

Washegarin zuwanmu Shiling da la'asar na dawo sito ɗaukar samfur, na ji muryar Kawu da ta Liman a bayan kwalaye. Ban taɓa jin Kawu ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Ban ce ka ce kai ne ba! Cewa na yi ka ce ka taɓa ganina da jita. Shi ke nan."

"In na ce na gan ka, za su ce a ina. In na ce a ɗakin waƙa, za su ce me ya kai ni."

"Waƙarka ce fa suka yanka. Muryarka suka cire suka bar ni."

"Yaya, ka rufa mini asiri. Ina da 'ya'ya mata. Mutanen nan bayana suke salla."

"Da ka zo neman auren ƙanwata wa ya tsaya? Babanmu ya ce bai san asalinka ba, bai san sana'arka ba. Wa ya dafa ƙirji ya ce na san shi, mutumin kirki ne, a ba shi? Ka zo da gashi kamar kwando, ni na kai ka wurin wanzami."

Liman ya fito ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Na shiga na tarar da Kawu zaune a kan kwali. Ya gane na ji. Ya gaya mini sauran: surukin nasa mawaƙi ne a Legas, da sunan Turanci yake waƙa, da wando mai faɗin ƙafa da tabarau, faya-fayansa sun yi kasuwa, kuma Kawu ne ya gina masa ƙasan kowace waƙa. Daga baya ya tuba, ya yi karatu, ya kama kasuwa, ya koma Kano da zama inda babu wanda ya san fuskarsa.

"Tubansa na gaskiya ne," in ji Kawu. "Kada ka raina shi. Tsoro ne kawai ya yi masa yawa." Sai ya kama hannuna. "Amana ce. Ko bayan raina. Innarka ce a gidansa."

Na ce, "Kawu, su ci gaba da ce maka maƙaryaci?"

"Nasa ne, ba nawa ba. In ya ga dama ya faɗa."

Da magariba Liman ya ja salla kamar kullum. Muryarsa ce take sa mutane su taso daga nesa su bi shi, murya mai taushi, ta hau ta sauka ba ta karyewa. Bayan sallama Kawu ya raɗa mini, "Ka ji inda yake jan numfashi kafin ya hau? Ni na nuna masa wurin." Yana murmushi ya faɗa. Ni kuwa daga ranar sai da na riƙa yaƙi da zuciyata a kowace raka'a.

Akwai wani alherin Kawu da ba zan tsallake ba. A shekarun nan naman halal yana da wuya a unguwarmu, sai ka yi tafiya zuwa wurin Musulmin ƙasar. Kawu ya ɗauke wa kowa wannan. Yakan je kasuwar kaji da sassafe, ya zaɓa da ransu, ya yi ta nihaw da lawban har mai kajin ya bar shi ya shiga bayan rumfa da wuƙarsa. Ya fuskanci alƙibla, ya ambaci Allah, ya yanka, ya gyara, ya bi ɗaki-ɗaki yana rabawa. Babu wanda yake binsa ya gani. Cewarsa ce kawai, "Na yanka," kowa ya ci. Da zazzaɓi ya kwantar da mai jakunkuna, ba ya iya haɗiyar abincin garin, Kawu ne ya yi ta dafa masa romo yana ɗaga kansa yana ba shi. Ya warke, ya miƙe, ya koma kan "yatsana ne".

Da takardu suka fito, dattawan masallacin garin suka taimaka aka ba mu wuri a maƙabartar Musulmi. Ni na wanke shi, tare da wani dattijo ɗan Maraɗi mai sarin yadi, mutum mai tsantseni ƙwarai, wanda ko biskit ba ya ci sai ya sa an karanta masa abin da aka haɗa shi da shi. Da muka zo hannun dama ya tsaya yana shafa kantar yatsun nan biyu. Ya ce, "Wannan ba ta wuƙa ba ce." Amana ta kulle mini baki.

Liman ya tsaya a gaban gawa. Kafin kabbara ya juyo ya yi tambayar da aka saba: akwai wanda yake bin mamaci, ko wanda mamaci yake bi? Aka yi shiru. Ya maimaita. Na kafe shi da ido har ya kawar da kai. Ya yi kabbara da muryar nan tasa mai daɗi, na bi shi ina jin haushinsa a cikin sahu. Allah ya yafe mini.

A hanyar dawowa na matsa kusa da shi. Na ce, "Baba, kun yi tambaya, ba ku amsa ba."

Ya ce, "Ba ya bina ko sisi."

Na ce, "Na sani."

Ya ƙara sauri ya wuce gaba, muka rabu.

Sadakar bakwai a gidan taliyar wani Musulmin ƙasar muka yi ta, a Xiaobei, mai farar hula, wanda yake ba mu bene mu yi salla. Aka yi addu'a, aka shafa, aka kawo kwanuka. Ba a kai rabin kwano ba mai jakunkuna ya fara. Wai jiya ya ji tsawa, ya ce Kawu ya isa, ya samu jita. Aka sake darawa, baki cike da taliyar sadakar mutumin.

Dattijon Maraɗi bai taɓa kwanonsa ba. Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Liman, ina da tambaya ta addini. Kwana biyu ba na barci."

Aka natsu.

"Tun da na zo garin nan naman hannun bawan Allahn nan nake ci. Ban taɓa ganin yankansa ba, maganarsa na riƙe. Yanzu ga jama'a duk sun haɗu a kan maƙaryaci ne. To in mutum yana ƙarya a kan abin da ba zai ci ribarsa ba, me zai hana ya sayo mushe ya ce ya yanka? Naman da muka ci fa? Sallolin da muka yi da shi a cikinmu fa?"

Wasu suka ajiye cokali. Na ga mai jakunkuna ya daina tauna. Abin da ya dame su ke nan, cikinsu. Mutuncin mamaci bai hana kowa barci ba.

Liman ya gyara zama, ya ɗauko muryar karatu. Ya ce, "Malamai sun ce yankan Musulmi ya halatta, ko da kuwa fasiƙi ne."

Dattijon ya ce, "To fasiƙi ne ke nan."

"Ban ce ba."

"Ka ce ko da. Liman, kai ne surukinsa, ka fi kowa daɗewa da shi. Ni jibi zan tafi, ta Kano zan bi, zan shiga in yi wa matarka da 'yar'uwarta gaisuwa. Ba na son in yi musu shaidar da ban tabbatar ba. Tsakaninka da Allah, mutumin nan maƙaryaci ne ko ba maƙaryaci ba ne?"

Carbin ya tsaya. Muka ji ƙarar tukwane daga ƙasa, da mai gidan yana yi wa wani faɗa da Sinanci. Har na fid da rai, sai Liman ya ɗago kai.

Ya ce, "Bai taɓa yi muku ƙarya ba."

Mai jakunkuna ya ce, "Liman, kara ce kawai, mun gane. Suruki ne."

"Ba kara ba ce. Ina wurin. Ina tsaye a gabansa da abin magana a hannuna ranar da tsirkiyar ta zame. Waƙar tawa ce. Ni ne mawaƙin." Ya faɗi sunan Turancin da yake amfani da shi. Biyu daga cikin manyanmu suka dubi juna, sun san sunan, sun yi rawa da shi a ƙuruciyarsu. "Duk abin da mutane suka so a waƙoƙin nan shi ne ya sa shi. Ni ihu kawai nake yi a sama. An tambaye ni sunayen da za a rubuta a bangon faifai, na ce nawa ya isa. Ya tsaya mini a gaban mahaifinsa aka ba ni aure. Ni kuma ya tambaye ni kalma ɗaya a cikin mota, na hana shi."

Ya rufe fuska da hannun riga.

Na so a ce wani ya ce Allahu akbar. Na so a ce wani ya ce mun zalunci Kawu, mu nema masa gafara mu nema wa kanmu. Dattijon Maraɗi kaɗai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya jawo kwanonsa. Sauran suna ta kallon Liman daga rawani zuwa ƙafa, suna auna masa wando mai faɗin ƙafa. Wanda ya fara magana mai jakunkuna ne.

Ya ce, "To ashe akwai haƙƙi a hannun Amurkawan nan. Malam, kai ne magaji a nan, in an samu lauya..."

Na tashi na sauka ƙasa na wanke bakina.

Da na dawo la'asar ta yi, an ture tebura an shimfiɗa kwalaye. Al'adarmu, in an tayar da iƙama sai a ce, "Bismillah, Liman," ya wuce gaba. Aka tayar. Babu wanda ya ce masa bismillah. Mutanen da suka ɗauki watanni ba su gaskata mai gaskiya ba, ba su ɗauki tsawon shan shayi ba wajen sauke limaminsu. Liman ya tsaya kaɗan, ya gane, ya ja da baya. Aka tura dattijon Maraɗi gaba yana ƙi.

Mijin Innata ya zo ya tsaya a gefena, kafaɗarsa a jikin tawa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube ni ba.

"Kai ne jininsa a garin nan. Na makara, amma na kawo shaidar da yake bina. Ka karɓa masa?"

Na tuna mutumin da muka bari a ƙarƙashin jar ƙasar da ba ta kakanninsa ba. Na san da yana nan ba zai bari a maimaita tambayar ba.

Na ce, "Na karɓa, Baba."

Ya sauke numfashi. Dattijon ya yi kabbara, muka ɗaga hannu tare.